Jirgin Shawagi: Yadda Ɗan Adam Ya Koyi Jewa Daga Ungulu

Matafiyin da ya bar Kano da asuba, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, zai shiga ƙasar Doguwa kafin hantsi ya dubi ludayi. Idan ya yi sa'a ya tarad da ungulu a wannan lokaci, to, a zaune zai gan ta bisa busasshen reshe, ta takure kamar marar lafiya. Amma da zarar rana ta ɗaga ƙasa ta ɗauki zafi, sai ta yi 'yan fiffika kaɗan, ta miƙe fukafukanta, ta shiga kewayawa tana hawa har ido ya kasa ganinta. Hausawa suna kiran wannan kewaye jewa, har suka ce ungulu ba ta jewar banza. Manufar karin maganar ita ce akwai mushe a kusa. Ilmin kimiyya ya ƙara wata ma'ana a kai: ko babu mushe, ungulu ba ta jewa sai inda iska take hawa sama.

A ƙasashe da dama akwai mutanen da suka mai da wannan dabara ta ungulu abin shaƙatawarsu. Sukan kafa kulob, su sayi jiragen sama marasa inji, su wuni suna shawagi ba tare da ƙona ko ɗigon mai a cikin jirgin ba. Wannan darasi zai bayyana yadda irin wannan jirgi yake tashi, da yadda yini guda yake gudana a kulob ɗin, da kuma abin da sararin samaniyar Doguwa da tsuntsayenta za su koya wa ɗalibi game da al'amarin.

Mene Ne Jirgin Shawagi?

Jirgin shawagi jirgin sama ne marar inji, mai siririn jiki da dogayen fukafukai. Na farkon zamani da katako da ƙyalle aka yi su. Na yanzu kuwa da zaren gilashi ko zaren gawayi ake ƙera su, a shafe su sumul don kada iska ta sami abin kamawa. Misali shi ne ASK 21, ƙirar ƙasar Jamus, wanda ya fara tashi a 1979, kuma kulob-kulob masu yawa suke koyarwa da shi. Yana ɗaukar mutum 2, ɗalibi a gaba malami a baya. Faɗin fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan mita 17 ne, nauyinsa kuma ba kowa a ciki kimanin kilo 360, wato bai kai rabin nauyin ƙaramar mota ba.

Taƙaitaccen Tarihi

Sha'awar tashi sama tsohuwa ce. Masanin tarihi al-Maƙƙari ya ruwaito cewa a ƙarni na 9, a birnin Kurɗuba na Andalus, wani malami mai suna Abbas ibn Firnas ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi na ɗan lokaci, amma ya ji ciwo wajen sauka. Wanda ya ɗora abin bisa ma'auni da lissafi shi ne Otto Lilienthal, mutumin Jamus. Ya shafe shekaru yana nazarin tashin farar shamuwa ta Turai, ya wallafa littafi a kan tashin tsuntsaye a 1889, sa'an nan tsakanin 1891 da 1896 ya yi shawagi sama da sau 2,000 daga kan tuddai. A watan Agusta na 1896 jirginsa ya faɗo, ya rasu washegari. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun karanci ayyukansa, suka yi gwaji da jirage marasa inji daga 1900 zuwa 1902, kafin su tashi da mai inji ranar 17 ga Disamba 1903. Ashe ke nan jirgin shawagi shi ne wa, mai inji ƙane.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an taƙaita wa Jamus ƙera jirage masu inji, saboda haka ɗalibai da injiniyoyinta suka koma ga marasa inji. A 1920 aka yi gasar farko a kan tudun Wasserkuppe, kuma zuwa 1922 an sami wanda ya yi fiye da sa'a 3 a sama. Daga nan ne wasan ya bazu duniya.

Ƙasar Kano ta san jirgin sama tun da wuri. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka Kano bayan sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya. Game da shawagi kuwa, fitaccen misali a Afirka ta Yamma shi ne na Gana. A 1962 Shugaba Kwame Nkrumah ya gayyato Hanna Reitsch, Bajamushiyar da ta yi wa gwamnatin Hitler aikin gwajin jirage lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta kafa makarantar shawagi a Afienya, kusa da Ankara. Ta bar ƙasar a 1966 da aka hamɓarar da gwamnatin Nkrumah.

Me Ke Riƙe Jirgi a Sama?

Ƙarfi iri uku ne suke aiki a kan jirgin shawagi. Na farko nauyi, wato jan da ƙasa take yi wa kowane abu. Na biyu ƙarfin ɗagawa: fiffike yana da doro a sama, kuma yana fuskantar iska a ɗan karkace, saboda haka idan iska ta ratsa shi sai ya karkatar da ita ƙasa, matsin iska a bisansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya fi yawa, a tura shi sama. Na uku turjiyar iska, wadda take jan jirgi baya. Jirgi mai inji yana da ƙarfi na huɗu, wato turin inji, wanda yake cin galabar turjiya. Marar inji ba shi da wannan, don haka dole ya sunkuyar da hancinsa kaɗan ya riƙa gangarawa cikin iska, kamar yadda mai keke yake gangara tudu ba tare da ya taka feda ba. Tsawon da jirgin ya hau shi ne man da yake sha.

Ana auna nagartar jirgi da nisan da zai ci gaba a kan kowace mita 1 da ya sauka. ASK 21 yakan ci kimanin mita 34. Ma'ana, idan yana bisa tsawon mita 1,000 kuma iska tana kwance, zai yi tafiyar kilomita 34 kafin ya taɓa ƙasa. Manyan jiragen gasa sukan kai 60 ko fiye. Dogon fiffike siriri shi ne babban dalilin wannan nagarta, domin a bakin fiffike iska takan murɗe ta haifar da turjiya, kuma gwargwadon tsawon fiffike gwargwadon raguwar wannan hasara.

To, in kullum jirgin gangarawa yake yi, yaya yake wuni a sama? Amsa ita ce matuƙi yana neman inda iska take hawa da saurin da ya fi saurin saukarsa. A ɗauka jirgi yana kewayawa yana sauka mita 1 kowace daƙiƙa, iskar da yake ciki kuma tana hawa mita 3 kowace daƙiƙa. Ribarsa mita 2 ke nan kowace daƙiƙa, kuma cikin daƙiƙa 500, wato minti 8 da 'yan kai, ya sami tsawon mita 1,000.

Inda Iska Take Hawa

Hanya ta farko, kuma mafi muhimmanci a ƙasashe masu zafi, ita ce ginshiƙin iska mai ɗumi. Hasken rana ba ya ɗumama iska sosai kai tsaye. Ƙasa yake gasawa, ita kuma ta ɗumama iskar da take kwance a kanta. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka takan taru ta ɓalle ta yi sama kamar hayaƙin da ba a gani. Tana hawa tana buɗewa tana yin sanyi, kimanin digiri 1 a kowace mita 100. Idan akwai danshi a cikinta, za ta kai wani tsawo inda danshin zai daskare ya zama gajimare mai shimfiɗaɗɗen gindi da kai kamar tulin auduga. Ga matuƙi, irin wannan gajimare alama ce cewa akwai ginshiƙi a ƙarƙashinsa.

Ba ko'ina ƙasa take zafi daidai ba, kuma kudancin Kano ya tara misalan duka. Duwatsun Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne wanda ruwa da iska suka zaizaye cikin miliyoyin shekaru, kuma a nan ne aka daɗe ana haƙar kuza. Fa da tsandauri irin nasu suna ɗaukar zafi da sauri, su saki ginshiƙai masu ƙarfi. Haka gonar da aka girbe, da rufin kwano na gari, da kwalta, da dajin da aka ƙone. Tafkin Tiga kuwa, wanda aka kammala madatsarsa a 1974, akasin haka ne. Ruwa yana buƙatar zafi kusan ninki 5 na abin da dutse mai nauyi ɗaya da shi yake buƙata kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri 1, saboda haka da rana iskar bisa tafki sanyi gare ta, sauka take yi. Dajin Falgore da damina yana tsaka-tsaki: ganye yana fitar da ruwa yana sanyaya wurin da hantsi, amma da la'asar, bayan fili ya fara hucewa, dajin yakan saki ɗumin da ya tara.

Guguwar da take tashi da bazara tana murɗa ƙura da karmami, wadda yara suke gudu suna cewa akwai aljani a ciki, gindin ginshiƙi ne mai ƙarfi da ya shiga juyawa. Ƙurar ce kawai ta tona asirinsa. Mai lura zai ga shirwa ta nufi wajen, ba da jimawa ba ta zama ɗigo a sama.

Hanya ta biyu ita ce iskar gefen tudu. Idan iska ta bugi jerin duwatsu ba ta da mafita sai ta hau, kuma jirgi ko tsuntsu zai iya kai da kawowa a gefen da iskar take bugawa muddin ba ta tsaya ba. Ɗaya gefen kuwa haɗari ne, don can iska take faɗowa a hargitse. Hanya ta uku ita ce igiyar iska, wadda take samuwa bayan manyan tsaunuka idan iska mai ƙarfi ta tsallake su ta riƙa hawa da sauka kamar ruwan kogi bayan ya wuce dutse. Da irin wannan ne Klaus Ohlmann ya yi tafiyar kilomita 3,008 a yini guda a gefen tsaunukan Andes na Ajantina a Janairun 2003. A can ne kuma jirgin Perlan 2 ya kai tsawon fiye da mita 23,000 a Satumbar 2018, kusan ninki biyu na inda jiragen fasinja suke bi.

Kowane lokaci na shekara yana da halinsa. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan kawo ƙura ta rage ƙarfin rana, ta kuma hana gani nesa, alhali matuƙin shawagi da ido yake tafiya. Da bazara ginshiƙai suna da ƙarfi da tsawo, sai dai sau da yawa babu gajimaren da zai nuna su. Da farkon damina da kaka akwai gajimare masu kyau, amma akwai hadari. Hadari ginshiƙi ne da ya gagara: iskar cikinsa tana iya zuƙe jirgi sama ta karya shi, saboda haka doka ita ce a sauka tun yana nesa.

Yini Guda a Kulob

A Jamus ko Ingila ko Afirka ta Kudu tsarin kusan ɗaya ne. Akasarin 'yan kulob masu aikin sa kai ne, akwai malamin makaranta, akwai makaniki, akwai ɗalibi. Tun da safe sukan haɗu su turo jirage daga rumfa da hannu. Kowane jirgi sai an bi shi da dubawa daga hanci zuwa wutsiya, a tabbatar fukafukai sun kullu, sanduna da wayoyin sarrafawa suna aiki, sa'an nan wanda ya duba ya sa hannu a littafi. Daga nan babban malami ya tara kowa ya yi bayanin yanayi: daga ina iska take, da wane ƙarfi, yaushe ake sa ran ginshiƙai za su fara, ko akwai alamar hadari.

Akwai wani sauƙaƙan lissafi da ake yi a wannan zama. Ana auna zafin iska, a kuma auna matakin sanyin da raɓa za ta fara sauka. Kowane digiri 1 na bambancin da ke tsakaninsu yana nufin kimanin mita 125 na tsawon gindin gajimare. Idan zafi digiri 34 ne, matakin raɓa kuma 18, bambanci 16 ke nan, saboda haka gajimare zai tsaya wajen mita 2,000 bisa ƙasa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin mutum ɗaya ya tashi sai an sami mai riƙe fiffike, da mai ba da alama, da mai kula da injin ja, da mai komo da waya, da mai rubuta lokacin tashi da sauka. Baƙon da ya zo ɗanɗanawa akan tambayi nauyinsa, in bai kai ba a ƙara dalma a ƙarƙashin kujera, don daidaiton jirgin ya dogara ga nauyin wanda ke gaba. A goya masa lemar tsira, a ɗaure shi da ɗamara, a rufe murfin gilashi.

Hanyoyin tashi biyu ne suka fi yawa. Ta farko, a can ƙarshen fili akwai inji mai ƙarfi da yake naɗe waya mai tsawon kilomita 1 ko fiye. Mai riƙe fiffike ya daidaita jirgi, a ba da alamar a ja a hankali har waya ta miƙe, sa'an nan a ba da ta cikakken ja. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jirgi ya bar ƙasa ya kama hawa a tsaye-tsaye, kuma kafin minti 1 ya kai mita 300 zuwa 500, matuƙi ya saki waya. Ta biyu, ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da igiya mai kimanin mita 60, ya kai shi wajen mita 600 ko inda ake so. Ta farko ta fi araha, ta biyu ta fi kai mutum inda iska take hawa.

Da sakin waya sai komai ya yi tsit, ban da shuuu na iska. A gaban matuƙi akwai ma'aunin gudu, da na tsawo, da kuma ma'aunin hawa da sauka, wanda yake yin ƙara mai kaifi idan jirgi yana hawa, mai kauri idan yana sauka, don kada matuƙi ya kawar da idonsa daga waje. Akwai kuma ɗan zaren ulu da ake mannawa a kan gilashi. Idan ya miƙe sak, jirgi yana yanka iska daidai. Idan ya karkace, jirgi yana tafiya a kaikaice yana hasarar tsawo. Matuƙi yakan ji ginshiƙi a jikinsa tun kafin ma'auni ya nuna: kujera ta turo shi, fiffike ɗaya ya ɗaga. Sai ya karkata wajen fiffiken da ya ɗaga ya shiga jewa, kowane kewaye kimanin daƙiƙa 20 zuwa 25. Wanda ya fara shiga ginshiƙi shi yake zaɓen hannun da za a kewaya, duk mai zuwa baya dole ya bi. Ba abin mamaki ba ne matuƙi ya duba gefensa ya ga gaggafa ko shamuwa tana kewayawa tare da shi, kuma sau da yawa ita take riga shi gano tsakiyar ginshiƙin.

Mai dogon zango hawa yake yi ya gangara, ya sake hawa ya gangara. Daga Riruwai zuwa birnin Kano kimanin kilomita 140 ne a miƙe. Jirgi mai cin mita 34 yana buƙatar jimillar tsawon mita 4,100 da ɗoriya, wato hawa 4 ko 5 na mita 1,000. Amma idan yana gudun kilomita 90 a sa'a, iska kuma tana bugo shi ta gaba da gudun kilomita 30, to, 60 kawai yake ci a ƙasa, nagartarsa ta faɗo daga 34 zuwa wajen 23. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai gane cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saboda haka ake koya wa kowane matuƙi ya riƙa zaɓen fili tun yana sama. Idan ginshiƙai suka mutu sai ya sauka a gona, ya nemi afuwar mai ita, abokansa su zo da mota da doguwar tirela, a cire fukafukai a kwashe.

Sauka ita ce babbar jarrabawa, domin marar inji ba shi da damar fasawa ya sake gwadawa. Tun daga tsawon wajen mita 250 matuƙi yake shiga tsararren kewaye na fili, ya fuskanci iska, ya buɗe birkin iska, wato wasu faifai da suke fitowa daga fiffike su rage ɗagawa su ƙara turjiya. Jirgi ya taɓa ƙasa da tayarsa, ya gangara ya tsaya, fiffike ɗaya ya kwanta. Ana kuma maimaita wa ɗalibi abin da zai yi idan waya ta tsinke yana cikin hawa: ya sunkuyar da hanci nan take, don jirgin da gudunsa ya gaza kimanin kilomita 65 a sa'a fiffikensa yakan daina ɗagawa. A Jamus da Ingila da Amurka ana barin mai shekara 14 ya tashi shi kaɗai idan malamai sun gamsu. Hukumar wasannin sama ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1905, tana ba da lambar azurfa ga wanda ya yi sa'a 5 a sama, ya hau mita 1,000 bayan sakin waya, ya kuma yi tafiyar kilomita 50. Da yamma a wanke jirage a mai da su rumfa, a zauna ana bitar abin da kowa ya yi daidai da inda ya kuskure.

Wannan horo ya taɓa ceton rayuka. Ranar 23 ga Yuli 1983 mai ya ƙare wa wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 767 a sararin Kanada, injinansa biyu suka mutu. Matuƙinsa, Robert Pearson, gwanin shawagi ne. Ya gangaro da shi ya sauke a wani tsohon filin soja a Gimli, kuma duk mutum 69 da ke ciki suka tsira.

Jikin Tsuntsu Mai Jewa

Fiffika aiki ne mai cin ƙarfi ƙwarai, kuma gwargwadon girman tsuntsu gwargwadon wahalarsa. Ungulu ba ta san inda mushe zai faɗi ba, dole ta duba ƙasa mai faɗi kullum, wani lokaci ta kwana da yunwa. Da fiffika za ta riƙa yi, da abin da za ta ƙona ya fi abin da za ta samu. An auna bugun zuciyar manyan ungulaye aka ga yakan yi sama sosai lokacin tashi, amma da sun shiga jewa sai ya sauko kusa da na tsuntsun da ke zaune. Wani bincike da aka wallafa a 2020 a kan babbar ungulun tsaunukan Andes ya nuna kashi 1 cikin 100 kawai na lokacin tashinta take fiffika, har ɗaya ta yi kilomita 172 cikin fiye da sa'a 5 ba ta kaɗa fiffike ba.

Fiffiken ungulu faffaɗa ne, ba siriri ba kamar na jirgi, don tana buƙatar tashi daga ƙasa da ƙarfinta, ta kuma yi ƙaramin kewaye cikin tsakiyar ginshiƙi. Gashin bakin fiffikenta a rarrabe yake kamar yatsu, abin da yake rage murɗewar iska. Masanin dabbobi Colin Pennycuick ya bi ungulaye da jirgin shawagi mai ɗan inji a dajin Serengeti na Tanzaniya wajen 1970, ya ƙiyasta suna cin kimanin mita 15 a kan kowace mita 1. Jirgi ya fi su nisan gangara, su kuma sun fi shi iya hawa siririn ginshiƙi. Nauyin tsuntsu idan aka raba shi da faɗin fiffikensa shi yake nuna lokacin tashinsa. Shirwa marar nauyi takan fita da sassafe, ungulu ta biyo baya, mikiya mai kilo 7 zuwa 9 sai rana ta yi ƙarfi.

Mikiya ce take riƙe da tarihin tashi mafi tsawo da aka tabbatar. Ranar 29 ga Nuwamba 1973 wata ta yi karo da jirgin fasinja a sararin Abijan, bisa tsawon mita 11,300. Huhun tsuntsu yana da jakunkunan iska da suke sa iska ta ratsa shi ta hanya ɗaya ba tsayawa, jinin mikiya kuma yana da ƙarfin kama iskar oksijin ko inda ta yi ƙaranci. Shamuwa ma da jewa take ƙaura. Takan iso ƙasar Hausa gab da damina ta yi sheƙa, ta koma kudancin Afirka da kaka. Farar shamuwa ta Turai kuwa ba ta ratsa tsakiyar Bahar Rum, sai ta bi ta mashigin Jibraltar ko ta gabas ta ƙasar Turkiyya, domin teku, kamar tafkin Tiga, ba ya ba da ginshiƙai.

Malamar Tana Ɓacewa

Dattawa suna tuna lokacin da kowace mahauta take cike da ungulaye. Yau yaro yana iya gama firamare bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun gari da mikiya cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Manyan dalilai su ne guba da ake sa wa mushe, da farautarsu don sayar da kai da sassan jiki ga masu magani da tsibbu, da sare manyan itatuwan da suke sheƙa. Ungulu ƙwai 1 take yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe ba ya maimaituwa da sauri. Ruwan cikinta yana da tsamin da yake kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, kuma takan share mushe kafin ya ruɓe. A Indiya, inda maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulaye kafin a hana shi a 2006, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita. Garin da ya rasa ungulu ya rasa ma'aikacin tsafta da ba a biyansa.

Gwaje-gwaje Don Aji

1. A cika faranti ɗaya da yashi, ɗaya da ruwa, a ajiye su a rana. A auna zafinsu kowane minti 15 har sa'a 2, a zana sakamakon.
2. A naɗe jiragen takarda masu fukafukai daban-daban, a sake su a hankali daga tsawon mita 2 cikin aji. A raba nisan da kowanne ya ci da 2 don a sami nagartarsa.
3. Har mako 2, ɗalibai su rubuta lokacin da suka fara ganin tsuntsu yana jewa, da irinsa, da abin da ke ƙasa a wurin, ko fa, ko gona, ko gari, ko ruwa.

Tambayoyi

1. Jirgi mai cin mita 40 yana bisa tsawon mita 1,500. Kilomita nawa zai yi idan iska tana kwance?
2. Zafin iska digiri 30 ne, matakin raɓa 22. A wane tsawo gajimare zai tsaya?
3. Me ya sa matuƙin da ya taso daga Doguwa zai kauce wa tsakiyar tafkin Tiga da tsakar rana?
4. Kawo dalilai 3 na raguwar ungulu, da abin da ɗaliban makaranta za su iya yi a kai.